Raƙuma Ɗaya, Inji Takarda

Malam Bashir na unguwar Gobarau ya yi shekara talatin da biyar yana aikin akawu a ofishin wata hukumar tsaron kan iyaka da ke Katsina, amma bai taɓa ganin iyakar da idonsa ba. Bai sa kaki ba, bai riƙe bindiga ba. Farar hula ne, aikinsa takarda: ya karɓe ta, ya ba ta lamba, ya huda ta, ya ɗaure ta cikin fayil. In yaran gida suka tambaye shi yadda iyakar take, sai ya ce tana cikin kabad na uku, daga sama.

Shi ne ɗan fari a ɗakin Inna Kulu. Mahaifinsa tela ne, ya rasu Bashir yana aji biyu a sakandare, sai Inna ta ƙarasa masa karatun da sana'ar fura. An ɗauke shi aiki a shekarar 1989, shekarar da ya auri Lami, kuma takardar ɗaukar aikin ta riga kayan lefe zuwa da kwana tara. Ya yi shekara goma sha bakwai yana zuwa ofis a kan keke, ta Ƙofar Kaura, kafin ya sayi mashin. Ko da ya sayi mashin ɗin, lokacin fitarsa bai canja ba. Sai dai ya riƙa isa da wuri, ya zauna a kan benci yana jiran mai shara ta buɗe ƙofa.

Abin da aka fi saninsa da shi a ofis shi ne gurbin ƙarshe. Kowane fom da kowace rajista tasu suna da wani ɗan gurbi a can gefen dama, na ƙarin bayani. Sauran ma'aikata sukan ja layi a ciki su wuce. Malam Bashir kuwa bai taɓa barinsa haka ba. In an kawo mota, sai ya fita ya zagaya ta, ya dawo ya rubuta cewa madubin hagu ɗaure yake da roba. In buhuna ne, sai ya rubuta cewa ɓera ya taɓa biyu daga ciki tun kafin a kawo. Wannan ne ya sa aka laƙaba masa suna Baba Ƙarin-bayani, har sababbin ma'aikata sukan yi wata guda ba su san yana da wani suna ba. A gida ma haka yake. Duk hoton da ke cikin akwatin Lami, in ka juya bayansa za ka ga kwanan wata, da sunayen waɗanda ke ciki, da na wanda ya kamata ya fito amma ya tafi alwala.

Akwai kuma abin da yake alfahari da shi, ko da yake ba ya kiransa alfahari. A ofis ɗin, in ma'aikaci ya yi kuskure, ana ba shi takardar tuhuma, ya amsa a rubuce, a saka a fayil ɗinsa har abada. Malam Bashir ne ke buga waɗannan takardu. Ya buga wa masu zuwa a makare, ya buga wa masu barci a bakin aiki, ya buga wa wanda ya ɓatar da makullin sito sau biyu a mako guda. Shi kuwa fayil ɗinsa ko ɗaya babu. Al'adar ofis ɗin ita ce duk wanda ya yi ritaya ba tuhuma ko ɗaya, ana ba shi takardar yabo mai jan hatimi. A iya zamansa, mutum biyu kawai suka samu.

Tun ritaya na saura shekara uku ya sayi firem mai gilashi, ya naɗe a cikin tsohon rawani ya ajiye a saman kabad. Ya kuma kafa ƙusa a bangon falo, daidai inda idon baƙo zai fara sauka. Wata rana Lami ta rataya faifai a jiki. Ya cire, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ƙusar nan tana da mai ita," ya ce.

"To mai itan ya zo mana," inji Lami. "Shekara biyu ke nan ina share mata yanar gizo."

Ana saura wata tara ya aje aiki, Allah ya yi wa Inna Kulu rasuwa, ranar wata Talata da hantsi. Saƙon ya same shi a ofis. Kafin ya tashi sai da ya cika fom ɗin neman hutun kwana uku, kuma a gurbin ƙarin bayani ya rubuta: Allah ya jiƙanta. Ya bar rajista a hannun Mahmud, wani ma'aikaci mai kaki da aka ajiye a ɗakinsu, mutum mai raha da saurin hannu, wanda ke jiran ƙarin girma shekara huɗu.

A yammacin wannan rana ce aka kawo raƙuma. An kama ta a wata hanyar daji kusa da iyaka, ɗauke da buhunan da ba a yarda a shigo da su ba, wanda ke jan ta ya saki akala ya ranta a na kare. Mahmud ya buɗe rajistar kayan da aka kama, ya rubuta: raƙuma ɗaya, ja. Ya ja layi a gurbin ƙarshe.

Ƙa'ida ita ce duk abin da aka shigar ba ya nan, in shugaban rajista, wato shi Malam Bashir, ya dawo zai je ya ga kayan da idonsa, sannan ya sa hannu a ƙasa. Malam Bashir ya dawo washegarin sadakar uku, kansa cike da muryoyin masu gaisuwa. Ya ɗaga kai ya hangi wuyan raƙuma ta taga. Ya ga ɗaya ce, ya ga ja ce. Ya sa hannu. Bai fita ba.

Raƙuma ta zauna a harabar ofis ana bincike. Ta cinye ganyen itatuwan bedi iya inda wuyanta ya kai, har suka koma kamar an yi musu aski da ma'auni. Masu ajiye mota a inuwa suka yi ƙorafi, Malam Bashir ya buɗe wa ƙorafin fayil. A wata na bakwai, ranar wata Litinin da safe, mai shara ta shigo da gudu ta ce a zo a gani. Raƙuma ta haihu a bayan rumfar motoci.

Ofis gaba ɗaya ya fita. Aka yi ta ɗaukar hoto da waya, ana yi wa juna barka. Malam Bashir ya tsaya a baya, ya dubi ɗan raƙumin yana ƙoƙarin miƙewa a kan ƙafafu kamar sandunan rake. Ya koma ɗakinsa ya buɗe rajista. Raƙuma ɗaya, ja, ga layi, ga sa hannunsa. Ya rubuta wa shugaban ofis ɗan bayani cewa abin da ke rajista ɗaya ne, abin da ke tsakar gida biyu ne. Shugaba ya rubuta a ƙasa: a jira ƙarshen bincike. Ranar ko rabin tuwonsa bai ci ba.

Bincike bai ƙare ba sai a makonsa na ƙarshe. Ranar Juma'a zai aje aiki, ranar Litinin aka wanke mai raƙuma. Sunansa Malam Audu, wani dattijo daga wani ƙauye na bakin iyaka, wanda ya ba da hayar dabbarsa aka ce masa gero za a ɗauko. Wata tara yana zuwa duk bayan mako biyu, ya gaida kowa, ya tsaya ya dubi raƙumarsa ta cikin wayar shinge, ya koma. Aka buga masa takardar fita. Ita kuwa takardar fita dole ta yi daidai da abin da ke rajista, don kwafinsu biyu ake haɗawa a aika hedkwata. Sai ta ce: raƙuma ɗaya, ja.

Malam Audu ya kamo akala, ɗan raƙumi ya biyo uwarsa. A bakin ƙofa Muttaka, ma'aikacin da ke riƙe da littafin shige da fice, ya karɓi takarda, ya karanta, ya ƙirga da yatsa.

"Baba, ɗaya aka rubuta."

"Ai ɗaya ce," inji Malam Audu. "Wancan ɗanta ne."

"Na ga alama. Kamarsu ɗaya. To ko na rufe ido kun wuce, shinge nawa ke tsakanin nan da garinku?"

"Bakwai, in ba a ƙara ba."

"To a na farko za a tare ka, a ce ina takardar ƙaramin. A sake kawo mana shi nan, mu sake gaisawa."

"To a bar shi in tahi da uwar?"

Aka gwada. Mutum uku suka riƙe ɗan, Malam Audu ya ja akala. Raƙuma ta yi taku huɗu, ta waiwaya, ta durƙusa a tsakiyar ƙofa. Motar shugaban ofis sai ta ƙofar baya ta fita ranar.

Malam Bashir ya fito, suka gaisa da dattijon, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar damina da mutanen gida. Sannan ya tambaye shi ko ya san tana da ciki lokacin da aka kama ta.

"Yo in ban sani ba wa zai sani? Cikin raƙumi wata goma sha uku ne, Malam. Da shi ta zo. Ba wanda ya tambaye ni ne. Ko a lokacin, da wani ya matsa kusa da ita, da ya ga tana ɗaga wutsiya, ya tambayi dalili."

Malam Bashir ya dubi raƙumar. Ya san da ya fita ranar, da ya ga wutsiyar. Ya kuma san kansa, da ya tambaya, da ya rubuta.

Da ya koma ɗaki, Mahmud ya tura ƙofa, ya jawo kujera, ya rage murya.

"Baba, mi ne abin damuwa a nan? Ga gurbi nan, layin da na ja siriri ne. Ga biron da na yi rubutun da shi, yana nan a durowa, bai ƙare ba. In rubuta 'tana da ciki' a sama da layin, shi ke nan. Wa zai sani?"

"Da kwanan watan yaushe?"

"Na ranar mana."

"Ranar ba ka san tana da ciki ba."

"Haba Baba! Ita ta sani ai."

"Ba ita ke riƙe da rajista ba."

Mahmud ya dafe kai. "To in ba haka ba, ka san hanyar ɗaya ce. Ba a gyara abin da aka sa wa hannu sai an amsa cewa an yi kuskure, kuma ba a amsa kuskure sai da tuhuma. In ni aka ba, ƙarin girmana ya tafi. In kai ne, kwana huɗu ya rage maka, Baba. Kwana huɗu! Mu duk mun san da ƙusar nan."

"Wa ya faɗa maku?"

"Kai ka faɗa mana. Har tsawonta."

Da la'asar ya koma gida ya zauna a falo, ya sa ƙusa a gaba. Lami ta kawo masa kunu, ta ga bai taɓa ba, ta zauna. Ya ba ta labari tun daga ranar rasuwar Inna, bai tsallake komai ba, har da yawan shingayen hanya.

"Yanzu Malam, saboda kalma uku?" ta ce. "Ai ba ƙarya ba ce. Cikin ai akwai shi."

"Cikin gaskiya ne. Kwanan watan ne ƙarya."

"To a bar ma wanda zai gaje ka mana, ya san yadda zai yi."

"Wanda zai gaje ni sai ya yi wata uku kafin ya gano inda makullin kabad yake. Kafin nan ɗan ya girma, ya fara cin bedi, a buɗe mashi nashi fayil. Shi kuma tsohon yana ta zuwa."

Lami ta dubi ƙusa, ta dube shi. "Ni dai na san tun da ka fara ba ni labarin nan ka riga ka gama shawara. Sha kununka."

Ranar Talata ya karɓi littafin shige da fice daga hannun Muttaka, na wata tara, ya bi shi shafi-shafi. Ya tabbatar babu wani raƙumi namiji da ya shigo harabar ofis a tsawon lokacin, ko a matsayin kaya ko a matsayin baƙo. Ya rubuta haka, Muttaka ya sa hannu yana cije leɓe. Wannan ita ce hujjar cewa da cikinta ta zo.

Ranar Laraba ya shiga wurin shugaban ofis da fayil a hammata. Shugaban mutum ne mai sauƙin kai, bai fi shekara biyu da zuwa ba, kuma ya riga ya sa an tanadi jan hatimi don ranar Juma'a.

"Ranka ya daɗe, na zo a ba ni takardar tuhuma."

Shugaba ya cire tabarau. "A ba wa?"

"Ni. Na sa hannu a kan kayan da ban je na gani ba."

"Malam Bashir, ranar fa ka dawo daga zaman makokin mahaifiyarka."

"Ƙwarai. Zan sa wannan a cikin amsata."

"Ba kai ka cika rajistar ba."

"Wanda ya cika ya rubuta abin da ya gani. Ni aka ce in duba, ban duba ba."

"Ka san in na ba ka, ba ni da ikon ba ka ɗayar ranar Juma'a? Ba ni na kafa al'adar ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni na buga sanarwarta a 1996."

Shugaba ya leƙa taga. Raƙuma na tsaye a ƙarƙashin bedi, ɗan yana shan nono.

"To wa zai buga takardar?"

"Ai na bugo. Sa hannu ya rage."

Ya buga ta ne da tsohuwar tafiretarsa, wadda ya ƙi rabuwa da ita ko bayan an kawo kwamfuta, kwafi uku. Takardar ta ba shi awa ashirin da huɗu ya yi bayanin dalilin da ba za a hukunta shi ba. Shugaba ya sa hannu ya miƙa masa. Malam Bashir ya karɓa, ya koma ɗakinsa, ya shigar da ita a rajistar takardu masu fita, ya sa hannu a littafin karɓa cewa ta iso gare shi. Ya amsa cikin minti arba'in, shafi biyu. Ya shigar da amsar a rajistar takardu masu shigowa, ya kai. Shugaba ya rubuta a ƙasa: an karɓi bayani, a gyara rajista, a kiyaye gaba.

"Gaban kwana biyu ne, ranka ya daɗe."

"To a kiyaye su."

Sai ya ɗauko fayil ɗinsa na kansa, wanda ya yi shekara talatin da biyar ba abin da ke ciki sai takardun hutu da na ƙarin girma. Ya huda tuhumar, ya ɗaure, ya ba ta lambar shafi. Mahmud yana zaune yana kallo, bai yi raha ba ranar.

Ranar Alhamis da safe Malam Bashir ya fita da rajista a hannu. Ya zagaya raƙuma, ya zagaya ɗan. Ya rubuta gyara da kwanan watan ranar, kuma gurbin ƙarshe bai ishe shi ba sai da ya liƙa ƙarin takarda: raƙuma ɗaya, ja, da tabo a cinyar hagu, ta zo da ciki, ta haihu a harabar ofis, ɗa namiji ɗaya, ja, yana shan nono, ba ya son a taɓa masa kunne. Aka buga sabuwar takardar fita. Muttaka ya karanta, ya ƙirga da yatsa, ya buɗe ƙofa duka biyu.

Malam Audu ya riƙe hannun Malam Bashir ya daɗe yana addu'a. Bai san abin da aka yi a ciki ba, ba kuma wanda ya gaya masa. Ya ce in Allah ya sa Malam ya biyo ta wajensu, ya tsaya ya sha nono. Malam Bashir ya tambayi sunan garin da yadda ake rubuta shi. Suka fita, uwa a gaba, ɗa a baya, masu mashin suna kauce musu.

Ranar Juma'a aka yi masa walimar bankwana kafin masallaci. Aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango da darduma. Jan hatimi ya koma durowa. Da zai tafi ya roƙi kwafi ɗaya na tuhumar, ya cika fom ɗin neman kwafin, aka ba shi.

Firem ya ƙara mako biyu a saman kabad. Wata safiya ya dawo daga gaisuwar wani maƙwabci ya tarar Lami ta kwance rawanin, ta goge gilashin, ta saka takardar tuhuma a ciki ta rataya a ƙusa.

"Lami, kin san ko mi ce wannan?"

"Na sani. Tana da hatimi, tana da sunanka, kuma ta shiga firem ɗin daidai. Ni na gaji da share ƙusa."

Ya tsaya ya dube ta, ya matsa ya daidaita gefen hagu da ya ɗan karkace.

Takardar tana nan har yanzu a falon. Baƙon da bai tsaya karantawa ba yakan ɗaga kai ya ce masha Allah, wannan ta yabo ce ko? Malam Bashir ba ya barin maganar ta wuce haka. Yakan ce a'a, ta tuhuma ce, sannan ya gyara zama. Lami, in ta jiyo haka daga tsakar gida, sai ta ƙara ruwa a tukunya, don ta san baƙon nan sai ya ci abincin rana.